Filin Tambaya da Amsa: Ire-iren Jaruman Littattafan Zane

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: jaruman littattafan zane na Amurka, su Superman da Batman da Spider-Man, waɗanda yawancinmu a fim muka fara ganinsu kafin littafin ya zo hannu. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni a ganina jaruman nan duk ɗaya ne, kayan jiki ne kawai ya bambanta su. Akwai wata hanya da ake rarraba su? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai hanya, kuma ba a tufafi take ba. Abin da za ka fara tambaya game da kowane jarumi shi ne, daga ina ƙarfinsa ya zo? Asalin ƙarfin shi ke yanke irin wahalar da zai sha, wahalar kuwa ita ce labarin.

Akwai waɗanda aka haifa da ƙarfinsu. Babbansu Superman ne, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙira, ya fara bayyana a fitowa ta 1 ta Action Comics a 1938. Ɗan wata duniya ne mai suna Krypton. Iyayensa suka sa shi a kumbo yana jariri kafin duniyar ta tarwatse, wasu manoma suka tsince shi suka rene shi, hasken ranarmu kuma ke cika jikinsa da ƙarfi. Namor na 1939 da Aquaman na 1941 jinin masarautar ƙarƙashin teku ne, Wonder Woman ta 1941 kuma 'yar tsibirin mayaƙa mata ce. Irin wannan jarumi ba ya wahalar neman ƙarfi. Wahalarsa ita ce danne shi, da zama cikin mutanen da musafaha kaɗai zai iya karya musu hannu.

'Yan X-Men, waɗanda Stan Lee da Jack Kirby suka fito da su a 1963, su ma haihuwarsu aka yi da abin, amma nasu ya fi ɗaci. 'Yan Adam ne da aka samu sauyi a ƙwayar halittarsu, kuma yawanci sai lokacin balaga abin ke bayyana, babu sanarwa. Cyclops ba ya iya buɗe ido ba tare da gilashi na musamman ba, don wani haske mai rusa gini ke fita daga idanunsa. Rogue ba ta iya taɓa fatar mutum, don za ta zuƙe masa ƙarfi da tunani. Jama'ar da suke karewa tsoronsu suke yi, har an ƙera manyan mutum-mutumi masu suna Sentinels don farautarsu. Shi ya sa labaransu suka fi karkata ga wariya da tsangwama.

Kashi na biyu su ne waɗanda hatsari ko gwajin kimiyya ya sauya. Mutum huɗun Fantastic Four a 1961 wani haske na sararin samaniya ne ya ratsa kumbonsu. Bruce Banner ya zama Hulk a 1962 bayan bam ɗin gamma ya tashi yana ƙoƙarin ceton wani saurayi da ya shiga filin gwaji. A shekarar ce kuma gizo-gizo mai ɗauke da gubar nukiliya ya ciji Peter Parker. A 1964 wani sinadari ya makantar da Matt Murdock amma ya kaifafa sauran gaɓoɓinsa na ji da shaƙa da taɓi, ya zama Daredevil. Ba banza ba aka yi ta maimaita nukiliya a waɗannan shekarun. Lokacin yaƙin cacar baka ne, kuma a Oktoba 1962 saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyat su gwabza a kan makaman da aka girke a Kuba. Jarumin wannan kashi bai roƙi ƙarfinsa ba, wani lokaci ma neman rabuwa da shi yake yi, kamar Ben Grimm na Fantastic Four da jikinsa ya koma dutse. Captain America na 1941 ya ɗan fita daban, domin shi da ƙafarsa ya kai kansa aka yi masa allurar gwaji.

Kashi na uku ba su da komai a jini sai horo da kayan aiki da kuɗi: Batman na 1939, Green Arrow da kwari da bakansa, Iron Man na 1963 da sulkensa. Na huɗu kuwa ba su ƙarfin aka yi, ko suka koya a wajen wani: zoben Green Lantern, gudumar Thor wadda sai wanda ya cancanta ke iya ɗaga ta, kalmar da yaro Billy Batson ke furtawa ya rikiɗe ya zama babban mutum, da tsafin da Doctor Strange ya je ya koyo bayan hatsarin mota ya lalata masa hannuwan da yake tiyata da su. Abin da aka ba ka ana iya karɓewa, don haka tambayar da ke bin waɗannan kullum ita ce ko har yanzu sun cancanta. A 2014 Thor ya kasa ɗaga gudumarsa, tsohuwar masoyiyarsa Jane Foster ta ɗauka.

Kada ka ɗauki rabon nan kamar katanga. Wolverine an haife shi da jikin da ke warkar da kansa, amma ƙarfen da ke ƙasusuwansa a ɗakin gwaji aka ɗura masa. A littafi, yanar da Spider-Man ke harbawa ba daga jikinsa take fita ba, na'ura ce da ya haɗa da kansa ya ɗaura a wuyan hannu.

TAMBAYA: Batman ba ya tashi sama, harsashi na kama shi. To me ya sa ake jera shi da Superman? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wani manazarci mai suna Peter Coogan ya kawo ma'auni uku a littafinsa na 2006: manufa, da iyawar da ta wuce ta sauran mutane, da suna da sutura da ke ɓoye ainihin mutumin. Batman ya cika biyu sarai, na tsakiyan kuma ya cike shi da horo da basira da dukiya. Manufarsa ta samo asali ne daga daren da ɗan fashi ya harbe iyayensa a gabansa yana yaro.

Abin da ya fi bambanta shi a wajenmu dokarsa ce: ba ya kisa, ba ya riƙe bindiga. Ba haka Bob Kane da Bill Finger suka fara shi ba. A labaran 1939 ya riƙe bindiga, ya kuma yi kisa, sai wajen 1940 editocin kamfanin suka hana. Inda marubuta ke ɓata shi shi ne su mayar da ɗamarar da ke ƙugunsa maganin kowace cuta. Idan duk tarkon da aka ɗana masa sai ya zaro wani abin da mai karatu bai taɓa gani ba, an kashe abin da ya sa ake son sa, wato ganin ɗan Adam mai iyaka yana fita da dabara.

TAMBAYA: Idan Superman ya fi kowa ƙarfi, ta yaya ake samun labari? Ai kafin a fara an san wanda zai ci. Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: Ƙanwata, kin taɓo ciwon da ya daɗe yana damun marubutansa. Ba wanda zai biya kuɗin shiga gidan dambe don ya kalli wanda aka san ba a iya kai shi ƙasa. Superman na farko ma bai kai haka ba. Ba ya tashi sama, tsalle yake yi na kimanin mita 200, kuma babban harsashin igwa na iya fasa masa fata. A hankali aka yi ta ƙara masa, har a shekarun 1960 ya kai ga ture duniyoyi daga mazauninsu. Da abin ya yi yawa, a 1986 aka ba John Byrne ya sake gina shi daga tushe, ya rage masa ƙarfi sosai.

Iyakar da ake sa wa jarumi iri-iri ce, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙi ita ce a ba shi wani abu da ke karya lagonsa. Dutsen kryptonite, lagon Superman, ya fara ne a shirin rediyo a 1943, ya shigo littafi a 1949. Green Lantern na farko zobensa ba ya aiki a kan itace, na biyu ba ya aiki a kan abu mai launin rawaya, Martian Manhunter kuma wuta ce lagonsa. Illar wannan hanya ita ce ragwanci. Dutsen da aka ce ɓarɓashin wata duniya mai nisa ne sai ga shi a aljihun kowane ɗan fashin banki. Abin ya kai a 1971 marubuci Dennis O'Neil ya yi labarin da duk kryptonite na doron ƙasa ya koma ƙarfe, don a huta.

Wadda ta fi ta ita ce iyakar lokaci ko adadi. Zoben Green Lantern sai an yi masa caji duk awa 24. Hourman na 1940 ƙwayar da yake sha awa ɗaya take ba shi. Ruwan yanar Spider-Man na ƙarewa a tsakiyar faɗa, yanar kuma narkewa take bayan kamar awa ɗaya. Wannan na sa mai karatu lissafi tare da jarumin.

Mafi nauyi ita ce iyakar da ke wajen jikinsa: mutanen da yake so. Peter Parker na iya ɗaga mota amma kuɗin haya na gagararsa, ga May matar baffansa da ta rene shi ba ta da lafiya. Baffan nasa Ben kuwa ɓarawon da Peter ya bari ya wuce ne ya kashe shi. A 1973 aka kashe budurwarsa Gwen Stacy a kan gada, yana wurin, ya harba yana ya kamo ta amma bai cece ta ba. Labaran Superman masu kyau ma haka suke: ba a tambayar ko zai iya, ana tambayar wanne zai zaɓa idan mutum biyu na kiransa a lokaci ɗaya.

TAMBAYA: Punisher jarumi ne ko bos? Ina ganin yana kashe mutane kamar kaji amma ana yaba masa. Daga wani direba a Kaduna.

AMSA: Malam, shakkarka a kan hanya take. Da aka fara fito da shi a 1974, a fitowa ta 129 ta The Amazing Spider-Man, abokin gaba ne, an zuga shi ya kashe Spider-Man. Frank Castle tsohon soja ne da 'yan daba suka kashe masa mata da 'ya'ya a wani lambun shaƙatawa na New York, daga nan ya ɗauki doka a hannunsa. Yana cikin jaruman da manufarsu ke kama da ta mutanen kirki amma hannunsu ba shi da tsabta. Wolverine, wanda shi ma a 1974 ya fito, da Deadpool na 1991, da Spawn na 1992, duk 'yan gidan ne, kodayake ba zurfinsu ɗaya ba.

Dalilin da ya sa suka makara shi ne dokar tace littattafai da kamfanonin suka kafa wa kansu a 1954, bayan wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya zargi littattafan da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ma ya zauna a kan batun. Dokar ta ce dole alheri ya yi nasara, a hukunta mai laifi, kada a nuna shi ta yadda za a tausaya masa, kada a ci mutuncin 'yan sanda da alƙalai. An sassauta ta a 1971. A 1986 kuma littattafai biyu, Watchmen da The Dark Knight Returns, suka tambayi abin da ba a saba tambaya ba: wane irin mutum ne zai rufe fuska ya fita dukan mutane da dare? Masu kwaikwayonsu a shekarun 1990 suka ɗauki jinin da manyan bindigogin, suka bar tambayar, aka cika kasuwa da littattafai marasa ma'ana.

In kana son gane inda irin wannan jarumi ya tsaya, duba wa yake hari, duba ko yana damuwa da wanda tsautsayi ya rutsa da shi, sannan duba ko labarin na sa shi biyan farashi. Marubutan Punisher na ƙwarai suna nuna shi a matsayin mutumin da ya riga ya lalace, ba shi da gida, ba shi da barci. Wanda ya zana shi a matsayin abin koyi bai fahimce shi ba, kuma mu ba mu yarda da wannan karatun ba. Kada kuma a haɗa su da tubabbu. Hawkeye da Scarlet Witch da Quicksilver a ɓangaren mugaye suka fara, suka shiga Avengers a 1965 suka bi dokar ƙungiyar.

TAMBAYA: Na ga Spider-Man baƙar fata, na ga Flash biyu, Robin kuma ban san adadinsu ba. Wanne ne na gaskiya? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Duk na gaskiya ne, don suna da sutura gado ake yi. Flash na farko Jay Garrick ne a 1940, Barry Allen ya zo a 1956, da ya mutu a tsakiyar shekarun 1980 yaronsa Wally West ya gaje shi. Miles Morales, ɗan baƙar fatar Amurka da 'yar asalin Puerto Rico, ya sa kayan Spider-Man a 2011. Robin, yaron Batman, an ƙirƙiro shi a 1940 don yara su ga tsaransu a labari, kuma Batman ya samu wanda zai riƙa yi wa bayani maimakon magana shi kaɗai. Na farko, Dick Grayson, ya girma ya zama Nightwing a 1984. Na biyu, Jason Todd, masu karatu ne suka yanke masa hukunci ta wayar tarho a 1988: ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Gadon na karɓuwa ne idan magajin ya zo da matsalarsa ta kansa. In hoton na farko ne kawai, ba a jimawa ake dawo da tsohon.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 10 ya nace sai na saya masa. Ina tsoron zubar da jini da shigar banza da maganar tsafi. Yaya zan zaɓa? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, kada sunan jarumin ya ruɗe ki. Batman ɗaya ne, amma akwai littafinsa na yara, akwai wanda bai dace da ɗan ƙasa da shekara 17 ba. Duba bango, kusa da layukan farashi, akwai alamar shekaru. A littattafan kamfanin Marvel, All Ages na kowa ne, T da T+ na matasa ne, duk wanda aka rubuta MAX kuma na manya ne zalla. A na kamfanin DC, ki guji mai tambarin Black Label. Alamar ma da ma'aunin Amurka aka yi ta, ba da namu ba, don haka ki buɗe ki duba shafukan tsakiya da na ƙarshe, nan ne faɗa ke tsananta. Punisher da Deadpool da Spawn ki ajiye su gefe. Thor daga tatsuniyoyin abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na dā aka ɗauko shi, Wonder Woman daga na Girka, Doctor Strange kuma tsafi ne sana'arsa. In waɗannan ba su kwanta miki ba, akwai jaruman kimiyya da horo da yawa, irin su Flash da Fantastic Four. Kowanne kika zaɓa, ki karanta fitowar farko tare da shi.

TAMBAYA: Akwai jarumai 'yan Afirka ko Musulmi? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Akwai, Malam. Black Panther ya fito a 1966, sarkin ƙagaggiyar ƙasar Wakanda, kuma shi nau'i ne na daban: jarumi mai sarauta, wanda in ya yi kuskure ƙasa guda ke biya. Storm ta X-Men, ta 1975, mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ta tashi marainiya a Alƙahira. A 2012 aka ba Simon Baz, Musulmi ɗan asalin Labanon, zoben Green Lantern. Kamala Khan, 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City na Amurka, ta samu littafinta na Ms. Marvel a 2014, kuma dokar iyayenta ta hana fitar dare na cikin manyan matsalolinta. Daga Kuwait, Naif Al-Mutawa ya fito da The 99 a 2006, amma jingina jaruman da sunayen Allah kyawawa ya jawo masa suka mai tsanani daga malamai a Saudiyya.

A Najeriya, tun shekarun 1970 aka yi Powerman don kasuwar ƙasar, kodayake Turawan Ingila ne suka zana shi, ciki har da Dave Gibbons wanda daga baya ya zana Watchmen. Kamfanin Comic Republic na Legas ya fito da Guardian Prime, Roye Okupe kuma ya yi Malika, jarumar da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

TAMBAYA: Ina zane, ina son in ƙirƙiri jarumina. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Sakkwato.

AMSA: Ƙanena, ajiye fensir tukuna. Rubuta layi huɗu: inda ƙarfinsa ya fito, abin da ƙarfin ba ya iya yi, abin da shi ba zai taɓa yi ba ko da zai mutu, da wanda zai cutu in aka gane fuskarsa. In layi na biyu da na uku sun gagare ka, ba ka da jarumi tukuna. Ba shi baiwa ɗaya ko biyu, ka tatse su. Kuskuren masu farawa shi ne tara masa tashi sama da ɓacewa da wuta da karanta zuciya, sai a rasa abokin gabar da zai tsaya masa. Shi bos ɗin ka gina shi a kan raunin jarumin: mai ƙarfin jiki a haɗa shi da mai wayo, kamar Superman da Lex Luthor.

Wajen sutura, cika siffarsa da baƙin tawada gaba ɗaya ka nuna wa wani. In bai gane shi daga inuwar ba, sake. Kada launi ya wuce uku. Tsofaffin masu zane sun fi ba jarumai ja da shuɗi da rawaya, mugaye kuma kore da shunayya, kamar Joker da Green Goblin. Ka yi la'akari da injin da zai buga maka: Hulk ruwan toka ne a fitowa ta farko, launin ya ƙi zama daidai a wajen bugu, a ta biyu aka mayar da shi kore. Kuma duk maɓalli da igiyar da ka ƙara, ka tuna za ka zana su sau ɗari.

Fitowa ɗaya a Amurka shafi 20 zuwa 22 ce, amma kai fara da labarin shafi 8 da ke da farko da ƙarshe. Sa akwati 5 ko 6 a shafi. Tsohuwar ƙa'idar editoci ita ce kada magana ɗaya ta wuce kalma 25, akwati ɗaya kada ya wuce 35, in ba haka ba rubutu zai cinye zane. Fara sa rubutun a akwati kafin ka gama zanen, don masu farawa kan cika akwati da hoto sannan su rasa inda za su sa magana sai a kan fuskar mutum. Wanda zai fara magana ka tsayar da shi a hagu. Abin mamaki kuma ka ajiye shi a shafi mai lamba cika, 2 ko 4 ko 6, domin shi ke hagu, ba a ganinsa sai an juya takarda. Asalin jarumin kada ya ci fiye da shafi biyu. Na Superman a 1938 shafi ɗaya ya ci.